Makin da Na Ba Anti

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Sun kafe sakamakon gwajin koyarwa a allon sanarwa. Cikin ɗalibai goma sha biyu da nake dubawa, sha ɗaya sun haye, Anti ta faɗi. Talatin da biyar ta samu, arba'in ake nema.

Anti ce fa. Wadda ta ajiye keken ɗinkinta tana da shekara talatin da uku ta shigo kwalejin horon malamai, ta zauna benci ɗaya da yaran da ta kusa haifa. Su suka laƙaba mata sunan, har ni da na ba ta shekara goma sha biyar haka nake kiranta. Shekara uku ba ta taɓa makara a laccata ba.

Sakamakon na wucin gadi ne, sai kwamiti ya zauna ran ashirin ga wata ya buga hatimi. In ya buga, za ta maimaita shekara guda, gurbin aikin da makarantar da ta yi gwajin a cikinta ta ajiye mata kuma ya tafi.

Ba ta zo ofis ba. Gara da ba ta zo ba. Maganar jiya Talata kuwa ba zan yi ta ba.

Alhamis, 5 ga wata, sha ɗaya na safe

Fankar ofis ɗin nan sai ta kashe ni. Ƙiiƙ, ƙiiƙ, tun safe.

Tunda na kasa yin makin takardu, bari in huce a kan fom ɗin banzan nan. Fom ɗin da muke auna ɗalibai da shi ya girmi aurena. Gabatarwa maki goma, sanin darasi talatin, kula da aji ashirin, haka dai har ƙasa. Bara sai ma'aikatar ilimi ta aiko cewa daga yanzu a koya wa yara zurfin tunani, su daina haddar aku. Madalla, abin da nake ta surutu a kai ke nan shekara da shekaru. Aka tara mu bita ta kwana uku, wani mutum ya tsaya yana karanta mana takarda kan illar karanta wa yara takarda. Malamin Lissafi, wanda muke ofis ɗaya, ya ɗaga hannu, aka ce masa tambaya sai ƙarshe. Da ƙarshen ya zo aka raba abinci.

Abin da bitar ta haifa shi ne wata 'yar takarda kamar rasit, an maƙale ta da fil a gindin tsohon fom. "Zurfin tunani: yara sun yi tambaya biyar. Maki biyar."

To ɗalibanmu ba wawaye ba ne. Kafin mako ya zagayo sun gano hanya. Ka rubuta tambaya biyar, ka raba wa yara biyar su haddace, ka ba su lamba. Da idona na ga ajin da mai lamba uku bai zo ba, zazzaɓi ya kwantar da shi, mai lamba huɗu ya ƙi buɗe baki sai uku ta wuce. Ajin ya yi tsit kamar an yi rasuwa. A wata makarantar an sauya jadawali ba a faɗa wa yaran ba, ana tsakiyar darasin noma yaro ya miƙe ya ƙame ya ce, "Malam, mene ne amfanin huhu?" Mai jarrabawa ya sa masa maki ɗaya.

Da ba mu da yara masu haddar amsa kaɗai, yanzu mun samu masu haddar tambaya. Ci gaba ke nan.

Juma'a, 6 ga wata, da rana

Kaina na sarawa. Ba ta zo ba.

Lahadi, 8 ga wata, biyar na yamma

Na ba Baban yara labarin sama-sama muna shan shayi. Mutumin da ko sunan kwas ɗin da nake koyarwa bai riƙe ba, yau shi ne mai bin diddigi.

"Ba ku biyu ne masu ba da makin ba?"

Na ce mu biyu ne, ni da Baƙo, wato mai jarrabawar da ake turowa daga jami'a. A haɗa a raba biyu.

"To shi ya kayar da ita. Ke nawa kika ba ta?"

Na ce masa shekara nawa ina faɗa a gidan nan a daina barin cokali cikin gwangwanin suga. Ya dubi cokalin, ya dube ni, ya cire shi ya ajiye. Wannan kallon nasa ya fi tambayar ɓata mini rai.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe biyu

Ta zo.

Na shirya wa kuka, har na ajiye hankici a aljihun tebur. Ba ta yi ba. Ta gaishe ni, ta tambayi ciwon ƙafata, sannan ta zaro littafinta da biro kamar ta zo lacca.

"Malama, so nake ki nuna mini inda na kuskure. Na duba, na duba, ban gani ba."

Na ce fom ɗin na hannun kwamiti, ba a nuna wa ɗalibi.

"Na sani. Ai na san ke kin ba ni da yawa, shi ne ya ja ni ƙasa. Lissafi nake yi, in kin ba ni sittin, to goma ya ba ni ke nan. Goma, Malama? Ko gaisuwar da na yi wa aji ai ta ci goma."

Na jawo aljihun tebur ina neman wani abu. Har yanzu ban san me nake nema ba.

Ta ce ba za ta iya maimaitawa ba. 'Yan biyunta suna hannun mahaifiyarta shekara uku, tsohuwar kuma gwiwa ta ci ƙarfinta. In an buga hatimi za ta koma kan kekenta. Ta faɗe shi a sanyaye, kamar mai faɗin ƙarfe nawa.

Da ta fita Malamin Lissafi ya ce, "Mata da taurin rai." Na ce masa ya tashi ya kashe fankar nan ko in jefe ta da takalmi.

Talata, 10 ga wata, bakwai na safe

Laifinta ne ma. Wa ya aike ta ta yarda da ni?

Kowace shekara ina tsayawa gaban ɗalibai ɗari da hamsin in ce, idan yaro ya tambaye ku abin da ba ku sani ba, kada ku yi masa tsawa, kada ku ƙirƙiro ƙarya. Ku ce ban sani ba, zo mu bincika tare. Su rubuta, su haddace, su juye mini a jarrabawa har da waƙafi, in ba su cikakken maki, kowa ya kama gabansa. Shekara ashirin da biyu muna zaune lafiya a haka. Sai ga mace ɗaya ta ɗauka da gaske nake.

Darasin dai zan iya rubutawa. Aji biyar, kimiyya, yadda ruwa ke ƙafewa. Littafi ya ce zafin rana ne ke busar da shanya, ita ma haka ta faɗa. Ba ta raba wa kowa tambaya ba. Minti goma da farawa wata yarinya a bencin gaba, siririya mai wushirya, ta ɗaga hannu.

"Anti, mu mamanmu a ɗaki take shanya in ana ruwa, kuma yana bushewa. Ai babu rana a ɗaki."

Anti ta tsaya da alli a hannu. Ta ce, "Kin ga wannan ban tabbatar ba. Ina da zato, amma zato ba sani ba ne. Wa zai kawo bokiti?"

Ta yage tsumman goge allo gida uku, aka jiƙa. Ɗaya a rana, ɗaya a bayan ƙofa, ɗaya cikin kabad. Yara suka kaure da gardama. Wani ya ce iska ce, wani ya ce ƙasa ruwan ke ɗiga, wata ta ce to a sa faranti a ƙarƙashi a gani. Wani ƙato a baya da aka ce bai taɓa magana a aji ba ya ce ba a matse tsumman daidai ba, a sake. Aka sake. Ƙararrawa ta kaɗa ba a rubuta komai a allo ba, ba a yi kammalawa ba, aji kamar kasuwa.

Ban taɓa ganin darasi irinsa ba. Shekara ashirin da biyu.

A 'yar takardar zurfin tunani ta samu ɗaya cikin biyar, domin tambaya ɗaya aka ɗaga hannu aka yi.

Sauran abin da ya faru a bencin baya ba na yau ba ne.

Alhamis, 12 ga wata, uku da rabi

Na je makarantar don karɓo rajistar ɗalibaina. Na so in shiga in fita, Hedimasta ya tare ni a baranda. Ya ce shi yana son matar nan, amma gurbin ba zai wuce ƙarshen wata ba, mutum uku na jira.

Ina sauri zan fita sai ga mai wushirya ta sha gabana da wani ɓallen kwali.

"Malama, ke ce kika zo da mutumin nan mai jan biro? Ki gaya masa mun gama."

A bayan kwalin sun ja layi uku. Na rana ya bushe kafin a tashi. Na bayan ƙofa washegari. Na kabad kwana uku, kuma ya yi wari. Farantin babu ko ɗigo. Ta ce yanzu ajin ya rabu biyu, 'yan iska da 'yan zafi, ta faɗa tana dariya don ta san yadda na farkon ya fito. Ita dai tana ganin duka biyun ne. Sai ta ce yaushe Anti za ta dawo, suna son gwada ruwan gishiri.

Na ce mata ta koma aji. Na yi wa 'yar mutane tsawa ba gaira ba dalili, na hau mota ina jin haushin kowa.

Juma'a, 13 ga wata, da safe

Cokali cikin suga kuma. Na cire shi na ajiye.

Asabar, 14 ga wata, sha biyu na rana

To. Littafina ne, babu mai karantawa.

A kwalejin nan akwai ƙa'ida. In makin malamin gida ya yi nesa da na Baƙo fiye da biyar, sai ka rubuta wa kwamiti bayani, a kira ka, a yi ta juya ka kamar kai ka yi laifi. Saboda haka benci ɗaya muke zama da shi a bayan aji, kuma mukan bari ya fara rubutawa. Ba wanda ya taɓa koya mini wannan. Kowa ya iya.

Tun da Anti ta ce "ban tabbatar ba" na ji ya ja tsaki ƙasa-ƙasa. Ya karkato ya ce mini, "Malama, haka kuke yaye su? Malami ya tsaya gaban yara ya ce bai sani ba?" Na yi murmushi. Murmushi fa na yi. Takarduna na ƙarin girma suna kan teburin mutumin nan tun watan jiya, amma wannan ba hujja ba ce, na dai rubuta ne.

A zuciyata tamanin na ba ta. Na ga hannunsa ya rubuta talatin da huɗu. Na rubuta talatin da shida, har ina ganin na yi mata alheri da biyun.

Da na rubuta abin da na gani, da ta haye da hamsin da bakwai.

Kunya nake ji, irin wadda ke hana mutum haɗa ido da madubi.

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe ɗaya

Na sami Shugaban Sashe. Na tambaye shi ko akwai hanyar sake gwaji. Ya ce guda ɗaya ce tak, malamin da ya ba da maki ya rubuta da hannunsa cewa makin ba daga idonsa ya fito ba. Ya yi dariya ya ce tun da aka gina kwalejin ba wanda ya taɓa. Sai ya ga fuskata, ya tashi ya rufe ƙofa.

"Malama, rufa wa kanki asiri. Kowa na leƙawa. Ni ma na leƙa. In kika rubuta, ba kanki kaɗai kika tona ba."

Na ce matar za ta koma ɗinki.

"Ɗinki ai sana'a ce. Shekara nawa ya rage miki ki yi ritaya? Ki bari ki fita da mutuncinki."

Wannan mutumin shi ya buɗe bitar zurfin tunani da jawabi na minti arba'in.

Na dawo ofis na faɗa wa Malamin Lissafi, don na gaji da riƙewa. Ya ce shi har tabarau ya sake saboda Baƙon bara ƙananan rubutu gare shi. Ya ga ban yi dariya ba. Can ya ce, "In za ki rubuta, kada ki ce muna yi. Ki ce kin yi." Na gode masa da wannan ƙarfin hali.

Laraba, 18 ga wata, tara na safe

Sau huɗu ina rubutawa ina yagawa. Ta farko shafi uku ce, duk laifin fom. Ta biyu laifin ma'aikata. Wadda na miƙa layi biyar ce.

Juma'a, 20 ga wata, biyar na yamma

An zauna. Abin da aka faɗa mini a ɗakin nan ba zan kwafe shi a nan ba, ya isa da na ji shi sau ɗaya. Mutum tara, duk masu leƙe, suna dubana kamar na shigo da wari. Minti arba'in suka ɓata kan ko za a rubuta "sakaci" ko "rashin kulawa" a fayil ɗina. Ba wanda ya tambayi yadda darasin ya kasance. Ko mutum ɗaya.

An cire ni daga duba gwajin koyarwa na shekara biyu. Maganar ƙarin girma ba a ma tayar da ita ba, na fahimta. Anti za ta sake gwaji ranar Alhamis, da wasu mutum biyu, a zaune nesa da juna. An yarda in zauna a baya ba fom.

Na kira ta ofis na faɗa mata da bakina kafin ta ji a baranda. Duka na faɗa. 

"Talatin da shida, Malama?"

Na ce eh.

"Ke da kanki."

Na ce eh.

Ta ce ta gode da aka ba ta dama. Ta miƙe, ta gyara kujerar da ta zauna, ta fita. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Duk da haka yau na ci abinci sosai. Baban yara ya ce fuskata ta dawo. Raina fes, ina ta tunanin ranar Alhamis za su ga abin da ake kira darasi.

Litinin, 23 ga wata, da rana

Na aika mata ta zo mu duba shirin darasinta. Ta ce tana gaishe ni, ta riga ta shirya.

Talata, 24 ga wata, ƙarfe huɗu

Na hango ta a gindin bishiyar ɗakin karatu da 'yan ajinsu uku, waɗanda suka fi kowa maki. Suna magana tana rubutawa. Da ta gan ni ta rufe littafin ta gaishe ni.

Ba komai. Mutum na iya neman shawara a ko'ina. Fankar ta mutu gaba ɗaya, yanzu kuma zafi.

Alhamis, 26 ga wata, shida na yamma

Ta haye. Tamanin da ɗaya.

Darasi ne kan sassan tsiro. Allo a tsare, an ja layi da rula. Gabatarwa minti biyar cif. Yara sun naɗe hannu, ko tari babu. Ta faɗa, suka maimaita, ta faɗa, suka maimaita. Saura minti goma ta ce, "Akwai mai tambaya?" Yaro na farko ya miƙe ya ƙame, "Anti, mene ne amfanin saiwa?" Ta amsa ba ko numfashi. Na biyu. Na uku. Ina ganin masu jarrabawa suna sa maki suna gyaɗa kai.

Mai wushirya ta ɗaga hannu tun daga na biyu. Ba ta cikin biyar ɗin. Ta riƙe shi a sama har ya gaji, ta tallafe gwiwar hannun da ɗayan, tana ɗan tashi daga benci tana cewa "Anti, Anti" a hankali. Anti ta gan ta. Na ga ta gan ta. Ta dubi agogo, ta kira na huɗu, ta kira na biyar, ta juya allo ta rubuta kammalawa. Yarinyar ta sauke hannun ta sa a cinya. Ƙararrawa ta kaɗa daidai da ɗigon ƙarshe.

Ɗaya daga cikin masu jarrabawar ya ce mini a baranda, "Ashe da gaskiyarki, Malama, matar nan ta iya koyarwa." Ban san inda zan sa kaina ba.

Na tsaya a bakin ƙofar makaranta ina jiran mota, ta fito ta same ni. Hedimasta ya riga ya ce ta fara ran ɗaya ga wata. Na ce ina taya ta murna, kuma da gaske nake, 'yan biyu za su dawo gaban uwarsu. Na yi niyyar in tsaya a nan, bakina ya ƙi.

"Yarinyar nan fa ta ɗaga hannu."

"Na gani, Malama."

"Ko minti ɗaya?"

"Minti ɗayan ne ya kayar da ni wancan karon." Ba da faɗa ta faɗa ba. Idonta ya cika, ta kau da kai. "Ki yi haƙuri. Bari dai in samu takardar a hannu, in samu ajina, in zauna da gindina. Wallahi zan riƙa yi yadda kika koya mana. Na ɗan lokaci ne."

Na ce Allah ya taimaka. Mota ta zo na shiga.

Na san maganar nan. Ni ma ita na faɗa wa kaina ranar da na fara zama a bencin baya, ina sabuwar malama, na bari Baƙo ya fara rubutawa. Na ɗan lokaci ne, in ji ni.